Daga fadar Barno zuwa wayar hannu: yadda wasan ces ya dawo ta intanet

Matashin Damagaram da ya buɗe Chess.com ko Lichess a wayarsa yakan ɗauka darar Turawa ce ya samu. Amma wasan ba baƙo ba ne a wannan yanki. A fadar Barno, wadda sarakunan Damagaram suka daɗe suna kai wa gaisuwa, an yi wani nau'insa mai suna tsatsarandi, sunan da ya fito daga shaɗaranj na Larabawa. Wani jami'in mulkin mallaka, C. K. Meek, ya rubuta labarinsa a 1934. Sarkin wasan Mai ne, na kusa da shi Ciroma, na gefe kuma Kaigama, sarautun da duk ɗan Birni ya san su. Wasan manya ne, bai sauko kasuwa ba, shi ya sa da zamani ya juya ya ɓace.

Intanet ce ta dawo da shi. Amurkawa biyu, Erik Allebest da Jay Severson, suka buɗe Chess.com a 2007. Zaman gida na korona da fim ɗin The Queen's Gambit na Netflix a 2020 suka tura masa jama'a, har masu rajista suka kai miliyan 100 a Disambar 2022.

Sai dai Chess.com kasuwanci ne: wasa kyauta, amma yawancin darussa da cikakken nazarin kurakurai sai mai biya. Nan ne Lichess, wanda Bafaranshe Thibault Duplessis ya ƙirƙira a 2010, ya fi dacewa da aljihun ɗalibi a Zinder. Ba talla, ba biya, da gudummawar masu so yake tafiya. Kuɗin data kaɗai za ka kashe, ka kara da ɗan'uwanka da ke ci-rani a Aljeriya ko Faransa.

Wadda aka bari a baya ita ce darar gida, mai gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, wadda dattawa ke haƙa wa ramuka a inuwar bedi. Dabara ba ta rasa ba, kowa ya taɓa shan kashi a hannun tsoho ya sani. Lichess na da nau'o'in wasa takwas bayan ces na asali, ba dara a cikinsu, ba tsatsarandi. Manhajarsa kuwa a buɗe take, duk mai ilimin kwamfuta na iya ɗauka ya gina nasa a kai.