Gaskiya ko Jita-jita: Baƙin Allo da Fayil ɗin .bashrc

A Wurno da Rabah da Goronyo, matashin da ke son koyon Linux amma bai mallaki kwamfuta ba yakan fara ne da manhajar Termux a wayarsa ta Android. Da zarar abokai sun leƙa sun ga baƙin allo da koren rubutu, ga sunansa ɓaro-ɓaro a sama, sai magana ta bazu: wane ya zama ɗan kutse, kowa ya yi hattara da asusunsa.

Jita-jita ce. Abin da ya taɓa bai wuce fayil guda mai suna .bashrc ba. Rubutu ne zalla, jerin umarnin da Bash, manhajar da ke karɓar umarninka, ke karantawa duk sanda aka buɗe allon. Shi kuwa Bash, Brian Fox ne ya rubuta shi ƙarƙashin aikin GNU, ya fito a 1989. Launin nan daga layin PS1 na cikin .bashrc yake fitowa, kuma da alias ake taƙaita dogon umarni ya koma harafi biyu. Ɗigon farkon sunan ne ke ɓoye fayil ɗin, ls -a kuma ta fito da shi.

Jita-jitar da ta fi damuna ita ce "kada ka sabunta, gyaranka zai goge". Da yake data na da tsada, sabis kuma sai an yi haƙuri da shi, wannan uzuri na da saurin shiga kunne. Amma umarnin sabuntawa, pkg upgrade, ba ya taɓa .bashrc ɗinka. Idan ma fayil ɗin tsarin ka gyara, wato bash.bashrc, sai ya tambaye ka: a bar naka ko a sa sabo? Ƙin sabuntawar ne ke da haɗari. A Satumban 2014 aka gano ɓarakar Shellshock a cikin Bash, bayan ta shafe sama da shekara 20 a ɓoye, kuma sabuntawa ce ta toshe ta. Abin da ke share gyara shi ne cire manhajar ko goge bayananta, don haka a ajiye kwafi a wani wuri.

Masu cewa sai an bar Bash an koma Zsh ake zama gwani, su sani Paul Falstad ya rubuta shi tun 1990, kamfanin Apple ya mayar da shi na asali a kwamfutocinsa a 2019. Yana da kyau, amma mai koyo bai rasa komai ba a Bash.

To, kuskure a .bashrc yana kashe waya? Waya kam tana nan lafiya, sai dai Termux na iya rufewa da zarar ka buɗe shi. Danne alamar manhajar, ka zaɓi Failsafe, ka shiga ka gyara. Inda maganar ke da ƙamshin gaskiya shi ne layin da aka kwafo daga zauren WhatsApp ba a karanta ba. In ka riga ka ba Termux izinin shiga ma'ajiyar waya, umarnin rm -rf guda ɗaya ya isa ya share hotunan biki da takardun makaranta, kuma ba zai tambaye ka ba kafin ya yi.