Gidajen Tiki: Folinisiyar da Aka Ƙera a Amurka

Mu da muke koyar da labarin ƙasa mun san tsibiran Folinisiya a taswira, ɗigo-ɗigo cikin Tekun Fasifik, tun daga Hawai har Tahiti da Samowa da Niyu Zilan. Amurkawa da yawa kuwa a gidan abinci suka fara jin labarinsu.

Da aka soke dokar hana giya a Amurka cikin Disamba 1933, sai wani mayawacin teku, Ernest Gantt, ya buɗe ɗan shago a Hollywood, wanda ya yi suna da Don the Beachcomber. Ya ƙawata shi da gora da komar masunta, har mai shiga ya ɗauka bakin teku ya zo. Victor Bergeron na birnin Oakland ya gani, ya kwaikwaya, ya sāke wa shagonsa suna Trader Vic's. Can ne, in ji shi, ya fara haɗa abin shan nan Mai Tai a 1944.

To, ga abin mamaki. Giyar da ake sha ta rake ce daga tsibiran Karibiyan, abincin na mutanen Kanton ne ta ƙasar Sin, masu haɗa abin sha a shagon Gantt kuma mutanen Filifin ne. Lambobi ya manna wa kwalabe maimakon suna, don kada yaransa su kai asirin wani gida. Abin Folinisiya a wurin bai wuce suna da ado ba.

Kasuwar ta yi albarka da sojoji suka komo daga yaƙin Fasifik a 1945, ta ƙara bunƙasa da Hawai ta zama jiha ta 50 a 1959.

Inda muke ganin rashin kyautawa shi ne sunan kansa. A wurin kabilar Mawori ta Niyu Zilan, Tiki shi ne mutum na farko, sassaƙen kakanni kuma abin girmamawa ne a tsibiran. Su ne aka mayar moɗar shan giya. Masu sha kuwa ba safai suke tuna an tumɓuke Sarauniya Liliuokalani ta Hawai a 1893 ba, ko dokar 1896 da ta sa Turanci ya kori harshen Hawai daga makarantu.

Yayin ya dushe bayan 1970, ya farfaɗo bayan 1990. A wannan karon dai 'yan tsibiran sun fito fili suna ƙorafi a kan moɗayen.