Mai Fitila da Asibitin Mayaƙa

Asibiti ba sabon abu ba ne a duniya. Tun zamanin Halifa Haruna Rashidu aka gina wani a birnin Bagadaza. A shekarar 1284 kuma Sarkin Masar Ƙalawun ya gina wani babba a Alƙahira, inda ake yi wa mutane magani kyauta. Amma an daɗe ƙwarai kafin mutane su gane cewa ƙazanta ta fi takobi kisa. A wurin yaƙi aka koyi wannan darasi.

A shekarar 1853 yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Turkiyya. Da shekara ta kewayo, sai Ingila da Faransa suka shiga don su taimaki Turkiyya. An gwabza a wata ƙasa da ake kira Kirimiya. Sojan da ya yi rauni sai a sa shi cikin jirgin ruwa, a ƙetare Bahar Aswad da shi, a kai shi Iskutari, wani gari da ke daura da Santambul. Can aka mai da wani ƙaton barikin soja asibiti.

Wurin nan kuwa bai dace da marasa lafiya ba. Majiyyata sun yi yawa, gadaje sun kasa, har waɗansu na kwance a ƙasa. Ga ɓeraye, ga ƙwarƙwata, ga ɗoyi ko'ina. Magudanar ƙazanta da ke ƙarƙashin ginin ta toshe.

Da labari ya kai Ingila, sai hukuma ta aiki wata mace mai suna Florence Nightingale, tare da mata masu jiyya 38. Suka isa cikin watan Nuwamba, 1854. Da farko likitocin soja ba su yi maraba da su ba, don a ganinsu mace ba ta da aiki a asibitin mayaƙa. Amma ba a jima ba jirage suka zo cike da masu rauni, aiki ya fi ƙarfinsu, tilas suka nemi taimako.

Matan nan suka ɗaura ɗamara. Suka goge ɗakuna, suka buɗe gidan wanki, suka gyara dafuwa. Da dare kuma, bayan kowa ya kwanta, sai Florence ta ɗauki fitila ta yi ta zagawa tana duba majiyyata. Saboda haka aka yi mata laƙabi da Mai Fitila.

Duk da haka mutuwa ba ta ragu nan da nan ba. Cikin sanyin shekarar nan sojoji fiye da 4,000 suka mutu a Iskutari. Yawancinsu ba rauni ya kashe su ba, sai kwalara da atuni da zazzaɓi. A watan Maris, 1855, aka aiko da waɗansu masana tsabta. Suka wanke magudanai, suka buɗe hanyoyin iska, har suka fid da mushen doki daga hanyar ruwan sha. Kafin 'yan watanni, sai mutuwa ta ragu ƙwarai da gaske.

Da aka gama yaƙi a 1856, Florence ta koma gida ta bi lissafin waɗanda suka mutu, ta nuna wa hukuma cewa da an tsare tsabta tun da wuri, da an ceci rayuka masu yawa. A 1860 ta buɗe makarantar koyon jiyya a asibitin St Thomas da ke Landan. Ta rasu a 1910, tana da shekara 90.

Shi ya sa a yau asibiti na gari yakan zama mai manyan tagogi, da ruwa mai tsabta, da masu jiyya waɗanda suka koyi aikinsu. Gaskiyar masu iya magana da suka ce rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Wane gini aka mai da asibiti a Iskutari?
2. Me ya kashe yawancin sojojin?
3. Don me aka kira Florence Mai Fitila?