Kukan Masu Samu a Kan Haraji: Nazari Daga Jega, Aliero da Maiyama

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji guda huɗu ranar 26 ga Yunin 2025, aka kuma tsayar da 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar fara aiki da sabon ma'aunin harajin kuɗin shiga, kukan haraji ya sake tashi a Arewa. Waɗanda muryarsu ta fi fitowa kuwa masu hali ne: manyan ma'aikata, 'yan kasuwa masu lodin tirela, da masu ajiya a banki. A yankin Jega, Aliero da Maiyama, inda arziki yake fitowa daga fadama da kasuwa, ya kamata a zauna a auna wannan kuka. Shin mai samu da yawa yana da hujjar yin ƙorafi, ko kuwa son rai ne kawai? Amsar tana buƙatar a fara sanin wane ne mai samun, me yake biya, kuma me yake gani a madadin abin da ya biya.

Masu samu kashi biyu ne

Kashi na farko masu albashi ne: malaman jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, likitocin manyan asibitoci, manajojin bankunan Jega, da manyan jami'an ƙananan hukumomi. Waɗannan ba a tambayar su. Kafin albashi ya shiga asusu an riga an cire haraji, kuma kuɗin na jihar da mutum yake zaune ne, wato Kebbi.

Kashi na biyu su ne masu arzikin kasuwa. Aliero sunanta albasa, Maiyama ta haɗa albasa da hatsi, Jega kuwa mahaɗar hanyoyi ce, inda titin Sakkwato ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Birnin Kebbi, ɗaya ya bi Maiyama da Koko zuwa Yawuri. A ƙarni na 19, bayan da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa garin Jega, fataken goro masu zuwa Gwanja sun riƙa yada zango a nan. Har yau babban ɗan kasuwa yana iya sayen albasa da kaka, ya jibge ta a rudu, ya jira farashi ya hau, ya samu a wata uku abin da farfesa ba ya samu a shekara. Amma ribarsa ba ta cikin littafin kowa. Abin da hukumar haraji take yanka masa ƙiyasi ne, sau da yawa kuma sai an yi ciniki.

Saboda haka idan aka ce masu samu suna kuka, bakuna biyu ne suke magana, kowanne da ciwonsa. Mai albashi yana cewa, "Mu kaɗai ake gani." Ɗan kasuwa yana cewa, "Daga nan har Kudu biya muke yi."

Abin da lissafi ya nuna

Sabuwar doka ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na samun shekara. Daga nan zuwa miliyan 3 ana cire kashi 15 cikin ɗari, zuwa miliyan 12 kashi 18, zuwa miliyan 25 kashi 21, zuwa miliyan 50 kashi 23, abin da ya haura haka kuma kashi 25. Kowane kaso yana hawa ne a kan nasa yanki kawai, ba a kan kuɗin baki ɗaya ba, kuma rashin fahimtar wannan ya ƙara wa mutane tsoro.

A tsohon tsari ƙololuwar ma'auni kashi 24 ce, amma akwai rangwamen da ke kare fiye da kashi ɗaya cikin biyar na samun mutum daga haraji. An soke wannan rangwame, aka kawo na kuɗin haya: kashi 20 na hayar shekara, kada ya wuce naira 500,000. A garuruwa irin waɗannan, inda mai hali yake zaune a gidansa ko gidan gado, wannan sauƙi bai cika isa gare shi ba.

A ɗauki mai samun miliyan ɗaya a wata, miliyan 12 a shekara, a ajiye maganar fansho da haya. Da can harajinsa naira 2,048,000 ne, yanzu ya koma 1,950,000. Ragi ya samu. Mai samun miliyan 60 kuwa, da yana biyan kimanin miliyan 11.2, yanzu zai biya kimanin miliyan 12.9. A wannan lissafi, sai samun mutum ya kusa miliyan 18 a shekara kafin ƙarin ya fara taɓa shi. Ma'aikata nawa ne suke karɓar miliyan ɗaya da rabi a wata a ƙananan hukumomin nan uku? Yawancin masu albashin da ke kuka, dokar ba ta ƙara musu komai ba.

Ko wanda aka ƙara wa, kashi 25 bai kai na wasu ƙasashen Afirka ba. A Ghana ƙololuwar ta kai kashi 35, a Afirka ta Kudu kashi 45. Wanda ya ce ma'aunin Najeriya ya yi tsanani ga mai kuɗi, alƙaluma ba su goya masa baya ba.

To daga ina kukan ya fito?

Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko shi ne karyewar darajar naira. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da sakin farashin dala a watan da ya biyo, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,400, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Albashin da ake kira babba ya zama babba a takarda. Mai shi ya ga abin da ke hannunsa yana narkewa, sai ya ɗora wa haraji laifin da na tsadar rayuwa ne.

Na biyu, mai hali a nan yana yi wa kansa aikin gwamnati. Shi ke haƙa burtsatse, ya sa sola ko janareta, ya kai 'ya'yansa makarantar kuɗi, ya ɗauki marar lafiyarsa zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato, ya ba da gudummawar 'yan sintiri. Ga dangi: kuɗin magani, kuɗin makaranta, taki da damina, hidimar aure da suna. A gidan Bahaushe albashi ɗaya yakan ciyar da gidaje da yawa, doka kuwa mutum ɗaya take gani.

Na uku, zakka. Musulmi mai dukiya yana fitar da kashi 2.5 na kuɗinsa da hajarsa duk shekara, manomin hatsi kuma ɗaya cikin goma, ko ɗaya cikin ashirin idan da wahalar ban-ruwa ya noma. Yana jin ya riga ya sauke haƙƙin talaka, sai ga hukuma ta zo da nata, ba tare da ta lissafa wancan ba. A Malesiya ana cire abin da mutum ya bayar na zakka daga harajinsa. A nan babu wannan gada.

Na huɗu, tarihi. Ƙasar Gwandu, inda waɗannan garuruwa suke, ta gaji karatun masu jihadi, kuma a littafin Kitabul Farƙi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali da kuɗin gari da abin da ake ƙwata a kasuwa cikin ayyukan zaluncin sarakunan zamaninsa. Turawa suka zo suka tsara haraji da jangali da kuɗi, har mutane suna gudun gari saboda su. Da gwamnoni Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su a Kano da Kaduna a 1979, talaka ya ɗauki abin a matsayin 'yanci. Kalmar haraji ta zauna a zukata tare da hoton dogari da ɗaurin igiya.

Inda kukan yake da gaskiya

Mai albashi yana da gaskiya idan ya ce nauyin bai rabu daidai ba. Malamin jami'a da ake cire wa duk wata yana zaune unguwa ɗaya da wanda ya ninka shi samu, wanda kuma bai taɓa cika takardar haraji ba. Wannan rashin adalci ne tsakanin masu hali su kansu.

Ɗan kasuwa ma yana da gaskiya a kan shingayen hanya. Tirelar albasa da ta tashi daga Aliero zuwa Legas ko Aba tana biyan kuɗin lodi, kuɗin ƙungiya, kuɗin amfanin gona, sannan ta bi jihohi tana biyan masu tare hanya, wasu da rasit, wasu babu. Dokar 1998 da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa ta hana kafa shinge don karɓar kuɗi, amma shingayen suna nan. Yawan karɓe-karɓen nan yana cikin abin da dillalan abinci da dabbobi suka koka da shi lokacin da suka dakatar da kai kaya Kudu a farkon 2021. Kuma albasa ba ta jira: kowace tsayawa a rana asara ce.

Gaskiya ta uku ta kowa ce. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan hukuma ta karɓi kuɗi a kasuwar Jega, haƙƙi ne a ga magudanar ruwa, rumfuna, makewayi da motar kashe gobara. Idan ta karɓa a Aliero, a ga rumbun ajiya na zamani da zai rage ruɓewar albasa. Idan ta karɓa a Maiyama, a ga hanyar da mota za ta shiga ƙauye da damina.

Inda kukan ya rasa madafa

Sai dai kuɗin shingen nan, wa yake biyan su a ƙarshe? Ɗan kasuwa yana lissafa su tun kafin ya yi tayi, ya zabge su daga farashin da zai ba manomi, ko ya ɗora wa mai saye. Ƙaramin manomin da ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa, ya sayar da kaka don ba shi da ƙarfin ajiya, shi ne ya ɗauki nauyin ba tare da ya sani ba. Haka kuɗin da ake yanka wa kowa daidai: naira 50 da ake cirewa idan an tura naira 10,000 ita ce ake cirewa idan an tura miliyan goma. Mai tallan ganye da ke biyan kuɗin kasuwa duk mako, idan aka auna da jarinta, tana iya fin mai shago biya.

Sannan mai hali ya fi kowa cin moriyar abin gwamnati. Titin da ya ratsa Aliero da Jega da Maiyama, tirelarsa ce ta fi taka shi. Kotun da ke kare filinsa da bashinsa, da jami'ar da ta ɗaga darajar gidajen haya a Aliero, duk da kuɗin jama'a aka yi su. Dukiyar da ya tara ba a daji ya tara ta ba.

Ga kuma halin da jihar take ciki. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna a 2022 Kebbi ce ta zo ƙarshe wajen tara kuɗin shiga na cikin gida, da kimanin naira biliyan 9, alhali Legas ta tara fiye da biliyan 650. Jihar da take cikin manyan masu noman shinkafa, inda aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Nuwambar 2015, ba rashin arziki ne kaɗai ya kai ta nan ba. Arzikin ne ba ya shiga lissafi.

Abin da ke biyo baya

Illar farko ita ce gwamnatin da ke rayuwa da kason Abuja ba ta jin nauyin mutanen gida. Wanda bai karɓa daga hannunka ba, ba ya jin dole ya yi maka bayani. Da gwamnonin Arewa suka tashi tsaye a Oktoban 2024 kan yadda za a raba harajin VAT, wannan dogaro ne ya fito fili.

Ta biyu, tsoro yana mayar da ciniki cikin duhu. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa 'yan kasuwa tura kuɗi ta waya. Jita-jitar cewa za a riƙa zarar haraji kai tsaye daga asusu, wadda Taiwo Oyedele, wanda ya shugabanci kwamitin gyaran haraji, ya sha musantawa, tana iya mayar da wasu ga yawo da tsabar kuɗi a hanyoyin da ba su da tabbacin tsaro.

Ta uku, idan aka ci gaba da matsa wa wanda ake gani kaɗai, likita da malami za su ƙara samun dalilin barin yankin, talaka kuma shi zai rasa su.

Mafita

Mai samu ba shi da hujja idan kukansa a kan ya fi talaka biya ne, domin haka adalci ya ce. Yana da hujja idan kukansa a kan karɓa sau da yawa ne, da karɓa daga wasu a bar wasu, da karɓa ba a ga aiki ba. Wannan kuka na biyu ya kamata ya zama buƙata a rubuce.

Ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan hatsi da 'yan dabbobi su zauna da hukumar tara kuɗin shiga ta jiha a yanka kuɗi ɗaya, rasit ɗaya, a biya ta banki. Ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama, waɗanda Kotun Ƙoli ta tabbatar wa 'yancin riƙe kuɗinsu a Yulin 2024, su riƙa manna abin da kowace kasuwa ta tara da abin da aka yi da shi, a wurin da kowa zai karanta. Malamai da masana doka su duba yadda za a lissafa zakkar da aka bayar ta hannun hukuma. Manyan 'yan kasuwa kuma su buɗe littafin ciniki, domin wanda ya rubuta asararsa ta shekarar da albasa ta ruɓe shi ne zai iya hana a yanka masa harajin ribar da bai ci ba.

Talakan ƙauyen Maiyama ba ya iya shiga ofishin shugaban ƙaramar hukuma ya nemi lissafi. Alhajin Jega da farfesan Aliero suna iyawa, ana kuma sauraronsu. Su biya abin da doka ta ɗora musu, su riƙe rasit, su yi amfani da wannan dama su tambayi inda kuɗin kowa ya tafi.