Fitilun Saman Mota: Lissafin da Ya Kamata A Yi Kafin A Ja Waya

Duk wanda ya san motocin da ke tashi daga Agadas su keta Tenere zuwa Dirku, ko masu hawa tsaunin Mambila su nufi Gembu, ko masu shiga ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba, ya saba ganin Hilux da Land Cruiser ɗauke da jerin fitilu a kan rufi. Dalilin a fili yake. Fitilar gaba tana ƙasa-ƙasa, ciyawa da tudun yashi kan tare haskenta, ita kuwa ta sama tana leƙa bayan tudu ta nuna rami ko raƙumin da ke kwance a hanya. Sai dai yawancin masu saye kan tsaya ga tambayar ƙarfin haske, su bar wa yaron shago sauran aikin. A sauran aikin nan ne gobara take ɓuya, domin da wuya fitila ta ƙona mota. Waya ce ke ƙona ta.

Lissafin farko ba shi da wuya. Yawancin ƙananan motoci suna aiki da bolt 12. In aka raba wat ɗin fitila da bolt, za a sami amfiya, wato yawan wutar da za ta bi ta cikin waya. Fitilu huɗu masu ƙwan halojin na wat 55 kowanne sun haɗa wat 220, kimanin amfiya 18 ke nan. In masu wat 100 ne, sai abin ya haura amfiya 33. Doguwar fitilar LED da ake yayi yanzu ta fi sauƙin ci, amma lambar da ke jikin kwali ba abar dogaro ba ce, gara ɗan rewaya ya gwada ta da mita ya ga ainihin abin da take ja. A kuma tabbatar da tsarin motar tun farko, domin manyan motoci da wasu tsofaffin Land Cruiser masu dizal bolt 24 suke amfani da shi, fitilar bolt 12 kuwa ba za ta jure shi ba.

Daga wannan lamba ake zaɓen kaurin waya. Rufin mota ya yi nisa da batir. Kafin waya ta fito daga wajen inji, ta hau ginshiƙin gilashin gaba ta kai kan kariyar ɗora kaya da ke rufi, ta ci kamar mita biyar, zuwa da dawowa goma. Kowace waya tana cinye wani abu daga wutar da ke bi ta cikinta, kuma siririya ta fi ci. In aka tura amfiya 18 ta wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 1.5 a wannan tsawo, fiye da bolt biyu zai salwanta a hanya. Abin da ya salwanta bai ɓace ba, zafi ya koma, kusan wat 38 yana dafa robar waya a bayan dashbod. Ga shi kuma ƙwan halojin ba ya haƙuri da ragin wuta: in bolt ya ragu da kashi goma cikin ɗari, haskensa kan ragu da kusan kashi talatin. Mai mota ya biya kuɗin fitila huɗu, ya tashi da hasken da bai kai na uku ba. Da an sa waya mai milimita 4, asarar ba za ta kai bolt ɗaya ba, mai milimita 6 kuwa rabin bolt ne kacal.

Akwai wata waya a kasuwa da ke ruɗar mutane, cikinta alminiyom ne aka shafe da tagulla. Alminiyom yana ɗaukar kimanin kashi sittin cikin ɗari na wutar da tagulla mai kaurinsa ke ɗauka, kuma yana saurin karyewa da jijjigar hanya. In aka kankare silin da wuƙa aka ga fari a ciki, to ita ce. Araha ba ta ado.

Sai batun fiyus, wanda aka fi yi wa gurguwar fahimta. Mutane da yawa suna zaton fitila yake karewa, alhali waya yake tsaro. Jikin ƙarfen mota gaba ɗaya haɗe yake da kan batir na nagatif. Saboda haka duk inda robar wayar fozitif ta goge ta taɓa ƙarfe, batir zai kwararo ɗaruruwan amfiya nan take, wayar ta yi ja cikin daƙiƙoƙi. Fiyus ne zai tsinke kafin a kai ga haka, amma iyakar abin da ke bayansa kaɗai yake iya karewa. Shi ya sa wurinsa yake dab da kan batir, tazarar kada ta wuce taƙi guda. Wanda ya sa shi can kusa da makunni ya bar mita biyu na waya ba mai gadi. Girmansa ya ɗan ɗara abin da fitilu ke ja, amma kada ya kai abin da waya za ta iya ɗauka: ga amfiya 18, fiyus mai 25 ya yi daidai. Launin fiyus ma yana faɗin girmansa, ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. In fiyus ya yi ta ƙonewa, saƙo ne cewa akwai matsala a wani wuri. Masu naɗa silin waya ko takardar sigari mai ƙyalli a gurbinsa sun kashe saƙon, matsalar kuwa tana nan.

Bayan waya da fiyus sai rile, ɗan akwatin nan baƙi mai ƙafa huɗu ko biyar. Makunnin da ke kan dashbod ba a yi shi don ɗaukar amfiya 20 ko 30 ba, in aka tilasta masa sai ya narke. Aikin rile shi ne ya bar babbar wuta a can wajen inji, direba kuma ya sarrafa ta da 'yar wutar da ba ta kai rubu'in amfiya ba. A cikinsa akwai naɗin waya da ke zama maganaɗisu in wuta ta shiga, ya jawo wani ɗan ƙarfe ya haɗa babbar hanya. Lambobin da ke gindinsa sun samo asali ne daga ƙa'idar Jamus mai suna DIN 72552, kuma kusan duk kamfanoni ita suke bi. Ƙafa ta 30 tana karɓar wuta daga batir ta bayan fiyus, ta 87 tana kai ta ga fitilu, 85 da 86 kuma su ne na naɗin da makunni ke kunnawa. In fitilun sun kai huɗu masu ƙarfi, ya fi kyau a raba su biyu-biyu, kowane rukuni da rilensa da fiyus ɗinsa, ta yadda in ɗaya ya mutu a tsakiyar daji ba za a rasa haske duka ba.

Hanyar da waya za ta bi ita ma aiki ce. Duk inda za ta ratsa ƙarfe sai an sa mata zoben roba, in ba haka ba jijjiga za ta sa bakin ƙarfen ya yanke ta sannu a hankali. Matse ta a bakin ƙofa yana lalata wayar da robar ƙofar a tare, ruwan damina ya samu hanya. A sababbin motoci akwai jakar iska ta kariya daga haɗari a cikin ginshiƙin gilashi da gefen rufi, bai kamata waya ta gitta ta gabanta ba. In an huda rufi, a sa mazugin da ke hana ruwa shiga, a shafe bakin hujin da fenti saboda tsatsa. Kada kuma a dogara da kariyar rufi a matsayin hanyar dawowar wuta, domin galibi a kan roba da fenti take zaune. A ja wayar nagatif mai kauri ɗaya da ta fozitif har zuwa tsabtataccen ƙarfen jikin mota ko kan batir. Mahaɗa kuwa a matse su da abin matsewa a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, murɗawa da hannu a naɗe da salatif ba ya kai shekara a hanyar daji.

Batir da altaneta su ma suna da iyaka. Batir mai amfiya-awa 70, in aka bar masa nauyin amfiya 18 inji a kashe, cikin awa biyu zai kai rabi, daga nan kuma tashin injin dizal ya zama sai an tura. Ko inji na aiki, altaneta ba ta ba da cikakken ƙarfinta in mota na tsaye, musamman ga na'urar sanyaya mota a kunne.

Wurin zaman fitila yana da nasa tasiri. In ta matso gaba da yawa, haskenta kan faɗa kan bonet da gilashi ya dawo idon direba, don haka ake ja da ita baya kaɗan har bakin rufi ya yi wa bonet inuwa. A lokacin hunturu kuwa, ko in ana bin bayan wata mota cikin ƙura, fitilar sama cutarwa take yi. Haskenta yana wucewa ta gaban ido kai tsaye, ƙurar ta maido shi, direba ya ga farin bango. A irin wannan yanayi fitilar hazo da ke ƙasa kusa da bamba ita ce mai amfani.

Abu na ƙarshe ya shafi sauran masu hanya. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, idon da haske ya kashe kuwa yakan ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya dawo daidai. Mai babur ko direban bas da aka haske da fitilar rufi zai yi tafiya mai nisa bai ga komai ba, kuma wajen mai fitilar ya nufo. Saɓa ƙa'idar fitila yana cikin laifuffukan da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya ke cin tara a kansu. Akwai dabarar da ke sauƙaƙa wannan tun daga wajen haɗa waya: a ɗauko wutar da ke kunna rile daga layin dogon haske na fitilar gaba, ta bi ta makunni. Da zarar direba ya yi dim, fitilun sama sun mutu da kansu, a kan kwalta kuma ya kashe makunnin gaba ɗaya. A lura dai, motocin Toyota da dama ta ɓangaren nagatif suke kunna fitilar gaba, saboda haka sai an auna da mita kafin a san wayar da za a taɓa.

Kafin mai mota ya biya kuɗin aiki, ya nemi a nuna masa fiyus a kusa da batir da rile a wurinsa, sannan a bar fitilun a kunne minti goma inji na aiki, ya bi wayar da hannu tun daga batir har rufi. Ɗumi kaɗan ba laifi. In ta yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba, ko wata mahaɗa ta fi sauran zafi, aikin bai ƙare ba, kada motar ta bar gareji.