Daga ƙofar fada zuwa majigi: yadda take ke aiki a kiɗan fim

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Birni ranar hawan salla ya san ba sai ya hangi laima zai gane Sarkin Damagaram ya taso ba. Kakaki ne ke fara isar da saƙo, algaita ta amsa, ganguna su ɗauka. Tun daga nesa tsofaffi kan ce wane ne ke tafe, alhali ko ƙurar dokinsa ba su gani ba. Abin da kunnensu ya kama shi ne take.

Da wannan dabara ce ake gina kiɗan manyan finafinan duniya, musamman na almarar kimiyya, masu labarin wasu duniyoyi da jiragen sararin samaniya. Kuma a kan maimaita take ne ɗaya daga cikin manyan mawallafa kiɗan fim ya rasa damar shiga gasar Oscar ta 2025.

Abin da ya faru

A 2021 darakta Denis Villeneuve, ɗan ƙasar Kanada, ya fitar da fim ɗin Dune, wanda aka ɗauko daga littafin da Frank Herbert ya wallafa a 1965. Labarin wata duniya ce mai suna Arrakis, wadda duk rairayi ce, inda ruwa ya fi komai daraja. Mutumin Damagaram da ya san layin jarkoki a bakin famfo cikin bazara ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Hans Zimmer, haifaffen Jamus, shi ya tsara kiɗan fim ɗin, kuma ya ci kyautar Oscar da shi a 2022. Ita ce ta biyu a hannunsa, bayan wadda ya samu da kiɗan The Lion King na 1994.

Kashi na biyu ya fito a farkon 2024, aka yaba wa kiɗansa ƙwarai. Amma da lokacin gasa ya zo, sai masu shirya Oscar suka ce bai cika sharaɗi ba. Dokarsu ta ce fim ɗin da ke ci gaban wani, dole aƙalla kashi 80 cikin 100 na kiɗansa ya zama sabo. Suka auna, suka ga abin da Zimmer ya ɗebo daga kashi na farko ya zarce iyaka. Kyautar shekarar ta tafi ga Daniel Blumberg, mai kiɗan The Brutalist. Sai dai a watan Fabrairun 2025 kiɗan Dune na biyu ya ci kyautar Grammy, wadda ba ta da irin wannan sharaɗi.

Me ya sa mai kiɗa yake maimaita kansa?

Amsar tana ƙofar fada. Take ba ya da amfani sai an san shi, kuma ba a saninsa sai an daɗe ana ji. Taken sarauta na kujera ne, sarki ya gaji sarki, taken yana nan. Haka ɗan kokawa a filin Langa-Langa: da an sauya masa kiɗa kowace shekara, jikinsa ba zai tsumu ba, ƴan kallo ma ba za su tashi tsaye ba. Mahauta suna da kiɗansu na kalangu, manoma suna da gangar noma, kowa ya ji nasa ya san da shi ake.

A Turai, Richard Wagner na Jamus ne ya shahara da wannan salo a ƙarni na 19, inda ya ba kowane jarumi, har da takobi da zobe, ɗan gajeren kiɗansa a wasannin waƙe da ya rubuta. Masu fim suka gaje shi. Wanda ya fi fito da shi fili shi ne John Williams na Amurka, mai kiɗan Star Wars na 1977, fim ɗin da aka ɗauki wani sashensa a hamadar Tunisiya. Da kashi na biyu ya zo a 1980, mai suna The Empire Strikes Back, Williams ya riƙe taken jarumin kamar yadda yake, sannan ya ƙago sabo domin mugun labarin, Darth Vader: bushe-bushen tagulla masu kauri bisa taku irin na sojoji. Yau ko wanda bai kalli fim ɗin ba, in ya ji wannan kiɗa ya san wani azzalumi ne ke shigowa. Williams ya bi labarin har kashi tara, daga 1977 zuwa 2019, yana ɗauke da tsofaffin take yana ƙara sababbi.

Gwanintar tana wajen sarrafawa. Take ɗaya ne, amma in jarumi ya yi nasara a busa shi da ƙarfi, in ya yi rashi a ja shi a hankali da goge ɗaya tal. Mai kallo ba ya lura, zuciyarsa ce ke lura. Shi ya sa fim na biyu ba zai iya zubar da kiɗan na farko ba, kamar yadda sabon sarki ba zai sallami tambarin kakanninsa ba. Abin da fada ke ɗauka amana, shi dokar gasa ta ɗauka maimaici.

Mene ne okestira?

Taron makaɗa ne da kan kai mutum 70 zuwa 100, kowa da takardar kiɗa a gabansa, da shugaba ɗaya mai ƴar sanda yana daidaita su. Gida huɗu ne, kuma kusan kowanne yana da ɗan'uwa a wajenmu.

Na farko masu tsirkiya, dangin goge da kukuma, su ne suka fi yawa, su ke ɗauke da tausayi da ƙauna. Na biyu masu busa ta itace, dangin sarewa da algaita. Na uku masu busa ta tagulla, dangin kakaki, su ne muryar mulki da yaƙi. Na huɗu masu duka, ciki har da manyan ganguna masu siffar akushi irin tambari.

Aikin yakan fara ne bayan an harhaɗa hoton fim. Darakta da mai kiɗa su zauna su bi shi daki-daki, su yanke inda kiɗa zai shiga da inda za a bar shiru. Ranar ɗauka, ana haska fim ɗin a gaban shugaban makaɗa, su kuma makaɗa suna jin wani ɗan ƙyas-ƙyas a kunne da ke riƙe musu lokaci, don bugu ya faɗa daidai da ƙiftawar ido.

Zimmer bai tsaya ga wannan tsohon tsari ba. Tunaninsa shi ne, wata duniya bai kamata ta yi amon gidan rawar Turai ba. Sai ya jingina ga muryoyin mata, musamman ta Loire Cotler, da na'urorin lantarki, da kayan busa da Pedro Eustache, ɗan Benezuwela, ya ƙera har da bututun roba. Taken soyayyar Paul da Chani kuwa, da duduk ake busa shi, wata algaitar ƙasar Armeniya mai sanyin murya. Ke nan fim ɗin da aka kashe wa miliyoyin dala, da ya tashi neman muryar hamada, wajen dangin algaita ya dawo.

To mu fa?

Masarautar Damagaram ta kafu tun ƙarni na 18, ta kai ƙololuwar ƙarfinta zamanin Sarki Tanimun da ya rasu a 1884. Makaɗan fadarta taro ne mai tsari: kowa ya san lokacin shigarsa, kowa ya san wanda ake yi wa wane take. Bambancinsu da okestira shi ne babu takarda. A ka ake riƙewa, ɗa ya koya wajen uba. Marigayi Ma'azu Ɗan Alalo ya kai sunan Damagaram ko'ina a ƙasar Hausa da irin wannan gado.

Finafinan dandalin soyayya da muke kallo, na Kano da na gida, sun saba da kashi na 1 da na 2 da na 3, yanzu kuma ga masu dogon zango. Amma mafi yawan kiɗansu daga fiyano ɗaya yake fitowa. Dalilin a fili yake: mutum ɗaya a ɗakin ɗauka ya fi araha bisa ga tara mabusa da makaɗa goma. Waƙoƙin rawa ne ke cin kuɗin, kiɗan da ke bin labari kuwa sau da yawa tsinto shi ake daga intanet ko daga finafinan Indiya. Wannan yana da haɗari biyu. Na farko, kiɗa yana da mai shi, kuma dandali irin YouTube kan toshe fim ko ya karkatar da kuɗin tallansa ga mai haƙƙi. Na biyu, yaron da ya tashi yana jin sarkin cikin fim yana shigowa da kiɗan aro, ba zai san nasa ba.

Ba a rasa waɗanda suka nuna hanya. Mamman Sani ya ɗauki waƙoƙin gargajiyar Nijar ya zuba su cikin ogan na lantarki, ya fitar da kaset a 1978. Shekaru ana jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasa, kafin kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi a 2013, duniya ta san shi. A 2017 fim ɗin Zerzura, wanda aka ɗauka a yankin Agadas kan labarin neman ɓataccen birni cikin hamada, ya zo da kiɗan jita da Ahmoudou Madassane ya tsara masa musamman, har aka fitar da kiɗan shi kaɗai a faifai. Sarraounia na Med Hondo, daga littafin Abdoulaye Mamani, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, shi ma an nemo masa mawallafa kiɗa na musamman, cikinsu har da Pierre Akendengué na Gabon. Kuma Aïcha Macky, ƴar garin nan, ta nuna da fim ɗinta Zinder na 2021 cewa labarin unguwar Kara-Kara yana iya zaga duniya.

Akwai iyaka da ya kamata a kiyaye. Kakaki da tambari na sarki ne, kuma taken wani basarake ba abin da za a ɗora wa mugun cikin fim ba ne. Mai shirya fim da ke son wannan amo sai ya bi ta fada ya nemi izini, ya zauna da makaɗan su ƙaga wa jarumansa take na kansu, ya biya su, ya rubuta sunayensu a ƙarshen fim, a kuma yi wa aikin rajista a ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, don duk lokacin da aka sake amfani da kiɗan su samu rabonsu.

Lokaci ne kawai ba ya jira. Abin da Williams ya rubuta a 1980 yana ajiye a takarda, ko bayan shekara ɗari wasu za su buɗe su busa. Na fada kuwa yana cikin ƙirjin dattawa, kuma ba kowane ɗan mabushi ne ke son gadon gidansu a yau ba. Kafin a yi maganar okestira mai mutum ɗari, aikin da ke gabanmu ƙarami ne: a je da na'urar ɗaukar murya, a zauna gaban waɗannan dattawa, a tambaye su taken wane ne wannan, tun suna nan da za su amsa.