KEKE MAI INJI: A FARA DA BIRKI KAFIN A NEMI GUDU

Garin Lambata, a Ƙaramar Hukumar Gurara ta Jihar Neja, mararraba ce inda hanyar Suleja zuwa Minna ta haɗu da wadda ta nufi Lapai da Agaie da Bida. Dare da rana tireloli da tankokin mai ba su yankewa, a gefensu kuwa manoma ne ke fitowa daga ƙauyuka da doya a bayan keke. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 1923+100, watau 2023, kuɗin mota ya yi tsada, babur kuma ya fi ƙarfin mutane da yawa, don haka ba abin mamaki ba ne idan mai keke ya fara tunanin ɗaura masa ɗan inji.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A 1946 Soichiro Honda na Japan ya fara ɗaura wa kekuna ƙananan injuna da soja suka bari bayan yaƙi. A 1949 kuma kamfanin Motobécane na Faransa ya fito da Mobylette, wadda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka daɗe da sani. To amma ita Mobylette tun daga masana'anta aka ƙera ta don ɗaukar inji, alhali kekunanmu irin su Raleigh da Phoenix an yi su ne don ƙarfin ƙafar mutum.

Injin da aka fi samu yanzu ɗan ƙasar Sin ne, ana rubuta masa 80cc, amma ainihin girmansa 66cc ne. Yana iya kai keke gudun kilomita 40 a sa'a ko fiye. Nan ne matsalar take, domin idan gudu ya ninka biyu, tazarar da ake bukata kafin a tsaya takan ninka huɗu. Birkin sanda na tsohon keke, roba biyu ne ke matse bakin ƙafa, kuma da ruwan damina ya jiƙa su sai su riƙa zamewa. Mutumin da ya ɗauko doya ya gangaro kwalta a gaban tirela da irin wannan birki, ya sayar da ransa da arha. Saboda haka abin da ya kamata a fara sauyawa shi ne birki, musamman na gaba, sa'an nan a sa tayoyi masu kauri da wayoyin ƙafa masu ƙarfi.

Masu son gudu sukan cire faifan baya mai haƙora 44 da ke zuwa da injin, su sa mai 36. Gudun kan ƙaru da kamar kashi ɗaya cikin biyar, amma ƙarfin ja ya ragu daidai da haka, har keken ya kasa hawa tudu sai an taimaka da feda. A ganina mai ɗaukar kaya a ƙasar Gurara, inda hawa da gangara suka yi yawa, mai haƙora 48 ko 50 ya fi masa amfani. Har ila yau, galibi da roba da notuna ake matse faifan nan a jikin wayoyin ƙafa. Idan bai zauna daidai tsakiya ba, sarƙa za ta riƙa faɗuwa, wayoyin kuma su riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramar tayar da ke ɗame sarƙa ma, in notinta ya kwance, takan karkata ta faɗa cikin ƙafa, ta kayar da mutum nan take.

Batun mai kuwa, injin nan ba shi da wurin zuba baƙin mai dabam, a cikin fetur ake gauraya shi. Ga sabon inji, akan sa kamar mililita 60 a kowace lita, bayan ya saba a rage zuwa 40, kuma man injin tu-sitirok ake so, ba ragowar baƙin man mota ba. Fulogi shi ne shaida: in bakinsa ya yi ruwan ƙasa, komai daidai, in ya yi baƙi, fetur ya yi yawa, in ya yi fari fat, injin na ƙuna, a gaggauta gyara kafireto. Masu fasa salansa don ƙara ƙarfi, mafi yawa ƙara kawai suke samu da tsinuwar maƙwabta.

Girgizar injin takan kwance notuna, ta kuma tsaga firam a wurin da aka ɗaura shi, don haka kada a huda ƙarfen keken, a riƙa bin notunan da sifana kowane mako. Wanda kuma zai hau kwaltar Lambata da asuba ranar kasuwa, ya tanadi fitila gaba da baya, da hular kwano.